Goge a ɗakin baƙaƙen zane: sharhi kan faifan Rothko Chapel na ECM

Kamfanin ECM na birnin Munich a Jamus ne ya fitar da wannan faifai a 2015, ya sa masa suna Rothko Chapel. Kiɗa goma ne a ciki, na mutum uku: Morton Feldman da John Cage, Amurkawa, sai Erik Satie, Bafaranshe. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Kiɗan farko, na Feldman, wanda shi ma sunansa Rothko Chapel kuma ya ɗan haura minti 25, shi kaɗai ya fanshi kuɗin faifan har da riba. Sauran taran suna da kyau, amma ba su na so a ɗora a bayansa ba, kuma zan faɗi dalili in mun isa wurin.

Ni malamin zane ne, ban taɓa riƙe goge ba. Kunnena dai da goge da kukuma ya tashi, irin na su Garba Liyo da Hassan Wayam da ake sa mana a rediyo, saboda haka duk inda aka ja baka a kan tsirkiya sai na tsaya. Abin da ya kai ni ga wannan faifai tambaya ce irin ta masu sana'ata. An ce an yi kiɗa saboda zane, to yaya ake yi wa zanen da babu hoton komai a cikinsa kiɗa? In zanen doki ne, makaɗi ya kwaikwayi sukuwa. In na damina ne, ya kwaikwayi yayyafi. Zanen da Mark Rothko ya yi wa ɗakin da ake kira Rothko Chapel, wanda faifan ya ci sunansa, kuwa babu doki, babu ruwa, babu mutum, babu ko layin da zai nuna maka inda ƙasa ta ƙare sama ta fara.

Ɗakin yana unguwar Montrose a birnin Houston na jihar Texas. Wasu attajirai mata da miji 'yan asalin Faransa, John da Dominique de Menil, su suka ba Rothko aikin a 1964. Da fari ɗakin ibadar Katolika aka yi niyya, daga baya aka bar shi a buɗe ga kowa, ko wane addini mutum yake bi, ya shiga ya zauna. Nelson Mandela ma ya yi jawabi a wurin a 1991. Gini ne na bulo mai kusurwa takwas, ba taga, hasken ta rufi yake saukowa. A bangon akwai zane 14, manya ƙwarai, wasu sun kai mita huɗu da rabi a tsayi. Rothko ya yi su a New York tsakanin 1964 da 1967, a wani ɗakin aiki inda ya gina bangon gwaji irin na ginin, ya kuma rataya laimar dirar sojan sama a ƙarƙashin tagar rufi don ya riƙa rage haske yadda yake so. Bai ga an kafa su ba. Ya kashe kansa a watan Fabrairun 1970, aka buɗe ɗakin a Fabrairun 1971.

Na shiga ɗakin lokacin da na je wurin ƙanwata da ke aikin jinya a Houston. Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Ita ta kai ni, kuma tun a mota take ja mini kunne: "Yaya, kada ka sa rai da yawa fa. Baƙin bango ne kawai, ni ban daɗe ba na fito." Da shigarka za ka ba ta gaskiya. Ka fito daga ranar Texas, idonka cike da haske, sai ka ga alluna baƙi ƙirin sun kewaye ka. Amma in ka zauna a benci ka yi haƙuri har ido ya huce, baƙin sai ya fara rarrabuwa. Bakwai daga cikinsu shunayya ce mai duhu, kana ganin sawun burushi a jikinta. Sauran bakwan baƙi ne mai kaifin gefe a kan ruwan hanta. Gajimare ya gifta ta saman rufi, launin ya sauya a gabanka. Wanda ya san rawanin ɗan Kura da ya sha shuni da bugu ya san abin da nake nufi: daga nesa baƙi, in ya motsa a rana sai shuɗi da jaja-jaja su fito suna wasa a cikinsa. Rothko ya samu wannan ne ta hanyar shafa launi siriri-siriri, shafi bisa shafi, yana kwaɓa garin launi da ƙwai da mai da gam ɗin fatar zomo, har na ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Hoton waya ba ya ɗaukar wannan. Duk hoton ɗakin da za ka gani a intanet, abin da ƙanwata ta gani shi zai nuna maka.

Feldman abokin Rothko ne. An haife shi a New York a 1926, ya kuma daɗe yana aiki a masana'antar iyayensa ta ɗinkin kwat ɗin yara, yana rubuta kiɗa a gefe. Zamansa ya fi yawa da masu zane, su Philip Guston da Jackson Pollock da Willem de Kooning, kuma a wurinsu ya koyi kallon sauti a matsayin abin da ake shimfiɗawa, a bar shi ya tsaya. Ya halarci buɗe ɗakin, a nan de Menil da matarsa suka roƙe shi ya rubuta wani abu don tunawa da abokinsa. An fara kaɗa shi a cikin ɗakin a watan Afrilun 1972.

Kayan kiɗan ba su da yawa. Akwai biyola guda ɗaya, wato yayar biyolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Ta ɗan fi shi girma, muryarta ta fi kauri, tana da ɗan dishi-dishi. Akwai selesta, wadda ake dannawa kamar fiyano amma ƙarfe take bugawa a ciki. Akwai mutum guda a kan tambura da ƙararrawa da bibrafon, wato jerin sandunan ƙarfe da ake kaɗawa da 'yan sanduna. Sai ƙungiyar mawaƙa maza da mata. Kada sunan faifan ya sa ka zaci waƙar coci ce: daga farko har ƙarshe ba kalma ko ɗaya, ta hanci suke rera sauti. A wannan faifai Kim Kashkashian ce a kan biyola, Sarah Rothenberg a kan selesta da fiyano, Steven Schick a kan tambura da sauransu, sai Houston Chamber Choir ƙarƙashin Robert Simpson.

Kiɗan yana farawa da rugugin tambari can ƙasa-ƙasa. Sai biyola ta shigo, kuma ba da waƙa ta zo ba. 'Yan sautuka take ɗauka, ta hau da su, ta tsaya, ta yi shiru, ta sake ɗaukowa daga wani wurin. Selesta ta ɗiga sauti ɗaya a bayanta. Mawaƙan su ɗaga wani dunƙulen sauti mai duhu, su riƙe, su sauke. Biyola ta sake gwadawa, wannan karon da ƙarfi, ta hau har kamar za ta yi kuka, sai ta koma ta tsinki tsirkiya da yatsa sau ɗaya. A nan na samu amsar tambayata. Feldman bai ce wannan sautin shunayya ne, wancan baƙi ba. Aiki ya raba. Mawaƙan su ne allunan da ke bango, ba sa motsi, ba sa amsa maka. Biyola kuwa ita ce mutumin da ya shigo ɗakin, ya tsaya gaban wannan, ya juya ga wancan, yana magana shi kaɗai. Haka nake jin sa duk lokacin da na sa shi. Feldman da kansa ya rubuta cewa zanen Rothko yana kaiwa har bakin allo, shi ma yana son kiɗan ya cika ɗakin gaba ɗaya, kada a ji shi kamar daga nesa yake tahowa.

Saboda haka duk nauyin abin yana wuyan mai biyola, kuma a nan ne faifan ya yi dace. Kashkashian 'yar asalin Armeniya ce da aka haifa a Detroit a 1952, ta shafe shekaru da yawa tana yi wa ECM aiki, ta ci kyautar Grammy a 2013 da faifan biyola ita kaɗai na kiɗan Kurtág da Ligeti. Wancan faifan ma na 'yan gajerun maganganu ne da shiru a tsakaninsu, saboda haka ta san wannan hanya. Sa hedifon ka saurari yadda take fara sauti. Kafin sautin ya fito akwai ɗan ƙaramin kartar izga a kan tsirkiya, sannan ya buɗe a hankali, ta kai shi tsakiya kafin ta fara kaɗa yatsa ta ba shi rawa, wani lokacin ma ta bar shi tsaye ba rawa sam. Ƙarshen sautin ya fi burge ni. Ba ta yanke shi, kuma ba ta barin sa ya mutu da kansa; tana rage nauyin hannu har izgar ta koma iska, ka rasa inda ya ƙare. Mai koyar da zane ya san wahalar wannan, domin abin da muke fama da ɗalibai ke nan kullum: kowa ya iya ɗora burushi, ɗage shi ne aiki.

A tsakiya akwai wurin da mutane da yawa ke gajiya. Biyola ta yi shiru. Mawaƙan su rabu murya 12, su riƙe dunƙulen sauti guda na mintoci, a hankali ƙwarai, ba hawa ba sauka, sai ƙararrawa da ke faɗowa jefi-jefi. Wannan ne baƙin allon, kuma abin da ya faru da ido a ɗakin shi ke faruwa da kunne a nan. Minti na farko sauti ɗaya kake ji. Daga nan sai ka fara jin wannan ya tsaya ya ja numfashi, wancan ya cike gurbinsa, muryoyi biyu da ke dab da juna suna gogayya har wani ɗan karkarwa na fita a tsakaninsu. Ba wanda ya canja komai, kunnenka ne ya huce. Riƙe sautuka masu matsewa haka a ƙasa-ƙasa ba tare da wani ya zame ba abu ne mai wuya, kuma mawaƙan Houston ba su zame ba. Ina roƙon duk wanda zai saurara kada ya tsallake wannan wuri. Abin da ke zuwa bayansa ba ya yin aiki sai an biya wannan kuɗin.

Bayansa wata murya ta mace, Lauren Snouffer, ta fito ita kaɗai da 'yar gajeriyar waƙa, tana maimaita ta, biyola na shiga tsakani, tambari na bugawa a hankali a ƙarƙashi. Feldman ya ce ya rubuta wannan ne ranar da aka yi jana'izar Igor Stravinsky, shahararren marubucin kiɗa ɗan asalin Rasha, a New York, a 1971. Wata rana ina sauraron daidai wannan wuri a falo, 'yata ta fito daga ɗaki da littafin makaranta a hannu, ta tsaya, ta ce, "Baba, wa ya rasu?" Ba ta san Rothko ba, ba ta san Stravinsky ba, ba kuma wata kalma a waƙar.

Sai ƙarshen, wanda shi ake yawan magana a kai. Bibrafon ya fara zagaya sautuka huɗu, a hankali, ba tsayawa, karo na farko da kiɗan ya samu taku. A kai biyola ta ɗora waƙa sosai, mai kai da gindi, wadda yaro zai iya rerawa in ya ji sau biyu. Feldman ya rubuta ta tun yana ɗan shekara 15, kuma tana da amon waƙoƙin ibadar Yahudawa. Su biyun tushensu ɗaya: an haifi Rothko a 1903 a Dvinsk, wanda yanzu yake ƙasar Latbiya, aka kawo shi Amurka yana ɗan shekara goma, Feldman kuma iyayensa Yahudawa ne da suka yi hijira daga daular Rasha. Mutumin da ya shafe shekaru yana guje wa waƙa mai daɗi, da abokinsa ya mutu sai ya koma akwatin ƙuruciyarsa ya ɗauko wannan. Mawaƙan su sake ɗaga dunƙulen nan nasu mai duhu a kanta, ba su dace da ita ba kuma ba su kore ta ba, biyola ta maimaita ta a sama. Haɗarin wannan wuri shi ne mai goge ya ga dama ta samu ya zuba zuma. Kashkashian ba ta yi haka ba. Ta ja ta a miƙe, ba jan rai, ba rangwaɗa, kuma wannan kamewar ce ke sa ni kasa yin magana in ta gama.

Akwai tsohon faifan kamfanin New Albion na 1991, da David Abel a kan biyola da mawaƙan jami'ar California ta Berkeley, wanda mutane da yawa suka fara sanin kiɗan ta hanyarsa. Ina da shi, ina kuma girmama shi. A kunnena biyolar Abel tana can tsakiyar ɗaki tare da kowa, ta Kashkashian kuwa tana kusa da kai, ta fi kama da mai magana. Wanda ya fi son ya ji ɗakin sai ya nemi na Abel. Ni mutumin nake son ji.

Maganar yadda za a saurara ba ƙarama ba ce, don kada wani ya sayi faifan ya ce an cuce shi. Mafi yawan kiɗan a ƙasa-ƙasa yake, kuma masu ɗaukar sautin ba su ɗaga shi don ya dace da waya ba. A lasifikar waya rugugin farko ba ya fitowa ko kaɗan, muryoyi 12 kuma su dunƙule su zama ƙara guda. A mota ɓata lokaci ne. Fanka ma tana cinye rabinsa, balle janaretan maƙwabta. Ni sai dare ya yi, unguwa ta lafa, nake sa shi da hedifon mai rufe kunne. Kada kuma ka ƙure ƙara don ka ji farkon, domin akwai 'yan wurare da biyola ke tashi da ƙarfi, za su dake ka. Tun 2017 ECM ta sa kayanta a manhajojin sauraron kiɗa, saboda haka ana iya jin sa ba sai an sayi CD ba. In za ka yi haka, sauke shi a mafi kyawun inganci, ka kuma tabbatar talla ba za ta faɗo maka a tsakiya ba.

Yanzu sauran taran. An jera su ne a sarƙe: 'yan gajerun kiɗan fiyano na Satie, Gnossienne uku da Ogive biyu, na wajen 1890, da na Cage guda huɗu a tsakaninsu. Jerin ya samo asali ne daga wani taron kiɗa da Rothenberg ta shirya a ɗakin a 2011, lokacin da ya cika shekara 40. Hikimar a fili take. Cage shi ne babban abokin Feldman tun haɗuwarsu a 1950 a zauren Carnegie, Cage kuma ya ɗauki Satie tamkar uba a kiɗa, saboda haka zuriya ce aka jera. Rothenberg tana buga Satie da natsuwa, ba gaggawa. Na Cage da mawaƙa suka rera, musamman Four2 na 1990, inda aka ba kowane rukunin murya tazarar lokaci ya shiga ya fita yadda ya ga dama a cikinta, su ne suka fi kusa da ruhin kiɗan farko, kuma da su kaɗai aka sa da ban yi ƙorafi sosai ba. Faifan ya rufe da In a Landscape na 1948, mai laushi ƙwarai.

Ƙorafina biyu ne. Na farko, da zarar Feldman ya ƙare, bayan 'yan daƙiƙoƙi fiyano ya shigo da Gnossienne ta huɗu. Kiɗa ne mai daɗi, amma mutum bai gama dawowa hayyacinsa ba aka miƙo masa shi. A zauren taro akwai tafi da motsin kujeru da ke raba abu biyu. A faifai babu. Da an sa Feldman a ƙarshe, Satie da Cage su share masa hanya, da ya fi. Ni abin da nake yi shi ne in tsayar da faifan da hannuna kafin na biyu ya fara, in bar sauran sai wata rana, kuma a wata ranar suna yi mini daɗi sosai.

Na biyu ya fi damuna. Faifan ya haura awa ɗaya, amma biyola a kiɗan farko kaɗai take. Wanda ya saye shi saboda sunan Kashkashian, kamar ni, zai ji ta na ƙasa da rabin lokacin, daga nan ba tsirkiyar da za a sake ja da baka. Alhali Feldman yana da The Viola in My Life, kiɗa huɗu da ya rubuta a 1970 da 1971, dab da wannan, domin Karen Phillips, wadda ita ce ta fara kaɗa biyolar Rothko Chapel. Uku na farko ba sa buƙatar mutane da yawa, kuma da sun shiga faifan nan ba tare da matsi ba. ECM ta riga ta fitar da su a 2008 da wani mai biyola, Marek Konstantynowicz, mai yiwuwa shi ya sa ba a maimaita ba. Na sayi wancan ma, yana da kyau, kuma shi nake ba wanda ya gama da wannan yana neman ƙari shawarar ya nema. Amma har yanzu ina son in ji su a hannun Kashkashian.